Garmaho mai bel ko mai juya kai tsaye: wanne zai yi daɗin sauti a ɗakinka a Maradi?

Ɗan ƙanwata ya same ni bayan la'asar ina shan iska a ƙofar gida, a unguwar Zariya, ya miƙo mini wayarsa. Ya gaji kwali biyu na faya-fayan garmaho daga kakansa na wajen uba, wasu na mawaƙan gargajiya da aka buga a Legas, wasu na Kongo, wasu na Indiya, kuma yana so ya ji abin da ke cikinsu. Hotuna uku ya nuna mini. Na farko sabon garmaho ne mai siffar akwatin tafiya, da sifika a jikinsa. Na biyu siriri ne mai bel, irin na Ingila, wanda wani abokinsa zai iya taho masa da shi daga Faransa. Na uku tsohon Technics ne mai nauyi, yana hannun wani mai kayan gwanjo da ke sauko da kaya daga Kwatano.

"Kawu, wanne ya fi sauti?" in ji shi.

Na ce masa ya zauna, domin amsar ba ta tsayuwa ba ce.

Sai an san yadda sauti ke fitowa daga faifai kafin a gane abin da ake biya wa kuɗi. A fuskar faifai akwai kwari guda ɗaya tak, siriri kamar gashi, ya naɗe daga baki zuwa tsakiya, kamar kwarin kunya a gona. Bangon kwarin nan a lanƙwashe yake, lanƙwasar kuwa ita ce waƙar. Allura tana bi tana rawa, kan da ke riƙe da ita yana mayar da rawar ƴar ƙaramar wuta, amfili ya ƙara mata ƙarfi. Matsalar ita ce allura ba ta san bambanci tsakanin rawar waƙa da rawar inji ba. Duk abin da ya girgiza ta, ko gurnanin injin ne, ko takun ƙafa, ko gingimari mai wucewa zuwa Ɗan Isa, za ta kai shi sifika a matsayin sauti. Saboda haka aikin garmaho biyu ne: ya juya faifai da gudu ɗaya marar canzawa, kuma ya hana kowace girgiza isa ga allura sai ta cikin kwarin. Duk wani ƙarfe, gilashi ko roba da aka sa a jikinsa, ɗayan biyun nan yake wa hidima.

Na akwatin ba zai ɗauke mu lokaci ba. Yawancinsu kan allurarsu na tangaran ne, yana danna faifai da nauyin da ya kai giram 5 ko fiye, alhali kai mai kyau giram 2 ya ishe shi. Hannun da ke ɗauke da allurar na roba ne, ba shi da wurin daidaita nauyi. Farantin da faifai ke zama a kai ƙarami ne, faifai babba yana leƙowa waje yana lilo. Mafi muni, sifikar tana cikin akwati ɗaya da allurar, wato abin da ake so a nesanta shi ne aka haɗa su ɗaki guda. Wanda zai sa faifai biyu ranar sallah don yara su gani, to. Mai kwali biyu na gado kuwa, faya-fayan da ba za a sake buga su ba, kada ya kusance shi.

Saura biyu, kuma nan gardamar take.

Mai bel injinsa yana gefe, ƙarami, sai zoben roba ya haɗa shi da faranti. Hikimar ita ce robar tana shanye girgizar injin kafin ta kai ga faifai. Wannan hanya ce kamfanonin Turai suka fi bi: Thorens, da Linn na Sikotland mai Sondek LP12, da Rega da aka kafa a Ingila a 1973, da Pro-Ject na Ostiriya da ya fara a 1991. In komai ya daidaita, sautinsu shiru ne a bayan waƙa, ana jin numfashin mawaƙi kafin ya ɗaga murya. Mai juya kai tsaye kuwa ba bel, farantin zaune yake a kan injin kansa, injin yana juyawa a hankali da ainihin gudun faifai. Kamfanin Matsushita na Japan ne ya fito da shi da sunan Technics: SP-10 a 1970, SL-1200 a 1972, sai SL-1200MK2 a 1979, wanda aka sa wa agogon kwats, irin ƙanƙanin dutsen da ke riƙe lokaci a agogon hannu, yana auna gudun faranti yana gyarawa nan take. Gidajen rediyo da masu kiɗan biki suka rungume shi don yana kai cikakken gudu cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, kuma ba ya gajiya. An daina ƙera jerin SL-1200 a 2010, jama'a suka matsa, aka dawo da sabon samfurinsa a 2016.

Masoya bel suna zargin na kai tsaye da cewa injinsa yana fizga ƙanana-ƙanana yayin da maganaɗisu ke wucewa daga wannan naɗin waya zuwa wancan, kuma kunne yana jin haka a matsayin taurin sauti. A cikin masu arha akwai gaskiya a ciki. A cikin masu kyau kuwa, karkacewar gudun SL-1200MK2 a takarda kashi 0.025 cikin ɗari ce, adadin da masu bel na matsakaicin kuɗi ba sa kaiwa. Da a Landan muke zaune, da na ce masa ya saurari duka biyun ya bi kunnensa, domin kowanne yana da daɗinsa.

Amma a Maradi muke, kuma abu na farko da zai raba gardamar shi ne kuran, wato wutar lantarki. Da yawa daga masu bel, musamman tsofaffi da sababbi masu sauƙin kuɗi, injinsu irin wanda ke ɗaukar gudunsa daga bugun wutar bango ne. Wutar ƙasarmu tana bugu 50 a daƙiƙa, a kan bolt 220. In bugun ya tsaya a 50, faifai zai juya 33⅓ a minti daidai. In ya sauka, waƙa ta sauka da shi. Yanzu ka tuna sau nawa gida ke komawa kan janareta, ka kuma tuna yadda muryar janareta ke canzawa in firji ya tashi ko an kunna injin jan ruwa. Kowane canjin murya canjin bugu ne, kuma garmahon zai bi shi sau da ƙafa. A kiɗa mai sauri ba lallai ka lura ba. Amma sa faifan da ke da algaita ko goge ko sarewa, inda ake jan sauti ɗaya a riƙe, za ka ji yana tangaɗi kamar mai maye. Sitabilaiza ba ta maganin wannan, don ƙarfin wutar take gyarawa, ba ta taɓa bugun. Inbata mai kyau ta sola tana riƙe bugun daidai, mai arha kuwa tana fitar da wuta mai kaushi da ke sa injin gurnani da zafi.

Ga wani tarko da ya kama ni da kaina shekarun baya. Na sayi garmaho mai bel a hannun wani ɗan gwanjo, kyakkyawa, ashe don Amurka aka yi shi, inda wuta ke bugu 60 a kan bolt 120. Na sa taransifoma, wuta ta daidaita, na yi murna. Da na ɗora faifai sai na ji mawaƙiya ta koma namiji. Lissafin a fili yake: kashi biyar cikin shida na 33⅓ bai kai 28 ba. Sai an canja ɗan ƙarfen da bel ke hawa a kan injin, wanda kuwa ba a samunsa a babbar kasuwa. Mai juya kai tsaye ba ruwansa da wannan, domin yana mayar da wutar bango irin ta batir tukuna, sannan ya ƙirƙiro gudunsa da kansa. Abin dubawa a gare shi bolt ne kawai. Na cikin gidan Japan 100 ne, sai da taransifoma. Adalci ya sa in faɗa cewa akwai masu bel da su ma ba sa bin bugun bango, masu injin batir da masu ƴar akwatin wuta ta daban da ke daidaita gudu. In abokin nasa zai kawo irin wannan, rabin ƙorafina ya faɗi. Sai a tambaya kafin a biya.

Na biyu zafi. A Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ɗaki mai rufin kwano tanderu ne, roba kuwa ba ta son tanderu. Bel yana saki, ya riƙa sulɓi, wani lokaci in an daɗe ba a kunna ba ya narke ya manne a jikin faranti kamar kwalta. Ba shi da tsada, amma sai daidai tsawonsa da faɗinsa, kuma sai an yi saƙo Kano ko Yamai ko waje. Robar ɗaure kuɗi ba ta maye gurbinsa, na gwada, kada ka wahalar da kanka. Wanda ya zaɓi mai bel ya sayo biyu ko uku tun farko, ya ajiye a wuri mai sanyi cikin leda.

Akwai iri na uku da za ka iya cin karo da shi a gidajen tsofaffin alhazai: mai tayar roba da ke goga cikin faranti, kamar Garrard 301 na 1954 da 401 da ya biyo shi, ko Lenco. Suna da ƙarfin ja, ganga tana fita da nauyi, masu sha'awa a Turai suna biyan kuɗi sosai a kansu. Sai dai tayar in ta bushe ta yi tauri, gurnani ne zai cika ɗaki. Abin mai gyara ne, ba na mai farawa ba.

Faranti da abin da yake juyawa a kai su ne mutane ba sa dubawa, don ba sa ƙyalli. Faranti mai nauyi, musamman in nauyin yana can baki, yana aiki kamar dutsen niƙa da ya ɗau gudu, ƙaramin fizga ba ya tsayar da shi. Shi ya sa Rega ke amfani da gilashi mai kauri, wasu kuma alminiyon da aka zuba aka liƙa wa roba a ƙasa. Ɗaga shimfiɗar ka ƙwanƙwasa shi da farce. In ya yi ƙara kamar tasa ya daɗe yana amo, amon nan zai shiga waƙa. In ya ce tif ya yi shiru, madalla. Sandar tsakiya kuwa, riƙe ta da yatsu biyu ka gwada girgizawa hagu da dama. Kada ka ji wasa ko kaɗan. Cire bel, ka tura farantin da hannu, ka kasa kunne. Mai lafiya zai daɗe yana juyawa ba ƙara. Mai ƙurji-ƙurji ya sha ƙura ko mansa ya ƙafe, kuma wannan ƙarar ce za ka ji a tsakanin waƙoƙi kamar hadari daga nesa.

Shimfiɗar faranti ƙaramin abu ce amma a garinmu tana da magana. Masu bel na Ingila da ta ulu suke zuwa. Da hunturu, iska ta bushe, faifai yana tara irin wutar nan da ke sa riga tartsatsi, sai ka ɗaga faifai shimfiɗar ta biyo shi, ga ta kuma ta kwashe ƙurar duniya. Ta roba ta fi dacewa da mu. Ta fata ma tana aiki, har a waje ana sayar da ita da tsada, abin da ke ba ni dariya a garin da fatar jar akuyarsa ta yi suna a duniya. Baduku zai yanka maka, sharaɗin kawai kaurin ya zama ɗaya ko'ina, kuma ya yi kusa da na asalin don kada tsayin hannu ya canja.

Gangar jikin garmaho makaranta biyu ce. Wasu suna rataye faranti da hannu a kan sifirin uku, dabarar da AR ta Amurka ta yaɗa a 1961, Thorens da Linn suka bi. Wasu kuma suna dogara da nauyi, kamar SL-1200MK2 mai fiye da kilo 12 na alminiyon da roba. Rega ta ɗauki wata hanya, jiki marar nauyi amma mai tauri, wai kada ya riƙe girgiza. Sifirin yana kare allura daga rurin sifika sosai, amma yana son mai daidaita shi, kuma in ya sha hanya daga tashar jirgin ruwa zuwa nan a bayan mota, da wuya ya iso a saitinsa. Mu kuma mun yi sa'a ɗaya: daɓenmu siminti ne ko tayil, ba katakon bene mai lilo irin na gidajen Turawa ba. Tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa, a daidaice ba karkace ba, sifika kuma a wani wuri daban, ya gama rabin aikin da sifirin ke yi. Kada dai a ɗora garmaho a kan sifika ko kabad ɗaya da ita, abin da nake gani a ɗakuna da yawa.

Na ce wa yaron, duk abin da muka faɗa zuwa yanzu yana hana sauti lalacewa ne. Abin da ke ba shi kamanninsa hannu ne da kan allura, kuma nan ya kamata kuɗi ya fi zuwa. Hannu nagari yana da dutsen ma'auni a baya mai lambobi, da ɗan maɓallin da ke hana shi zamewa ciki, domin juyawar faifai tana jan allura wajen tsakiya, ta fi danna bango ɗaya. In ka daidaita shi ya tsaya a iska, hura shi kaɗan ya kamata ya motsa. Amma in ka riƙe ka murɗa a hankali, kada ka ji kwaf-kwaf a gindinsa. A nan siririn na Ingila yana da abin alfahari. Hannun Rega, tun RB300 na 1983, bututu ne guda da aka zuba ba gaɓa, kuma rashin gaɓa yana nufin rashin wurin da girgiza za ta ɓuya. Na Technics mai lanƙwasa ne da kai mai cirewa. Gaɓar tana rage tauri kaɗan, amma tana ba ka damar canja kai cikin minti ɗaya, kuma ana ɗaga tsayinsa ko a sauke. Ga mai faya-fayai iri-iri wannan ba ƙaramin amfani ba ne. In a cikin kwalin akwai tsofaffin nan masu nauyi masu fashewa, na gudun 78, to su allurarsu daban ce mai kauri, kuma ba Rega na yau da kullum ba, ba SL-1200MK2 ba, babu mai gudun 78 a cikinsu, sai 33 da 45. Ya duba kwalinsa tukuna.

Kan allura iri biyu ne. A ɗaya maganaɗisu ne ke motsi, yana ba da wuta kamar milibolt 3 zuwa 5, kuma in allura ta cinye ana zare ta a sa sabuwa da hannu. A ɗayan naɗin waya ne ke motsi, irin Denon DL-103 da aka yi wa gidan rediyon Japan tun shekarun 1960. Sautinsa ya fi laushi da bayani, amma wutarsa ba ta kai rabin milibolt ba, yana buƙatar amfili na musamman, kuma in allura ta karye sai a mayar da kan gaba ɗaya. A garin da ƙura ke cin allura kuma yara ke shiga ɗaki, na farkon ne namu. Audio-Technica AT-VM95 da Ortofon 2M su aka fi samu, tunda Shure ta daina yi a 2018.

Bakin allura ma yana da siffa. Mai zagaye ya fi haƙuri da tsohon faifai mai ƙarzuwa, ba ya tono kowace ƙara. Mai siffar ƙwai ya fi shiga lanƙwasa ƙanana, sai siraran muryoyi su fito tas. Bambancin ya fi bayyana a waƙar ƙarshe ta kowace fuska, domin a bakin faifai kwarin yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuwa kusan 20, don haka lanƙwasar a cunkushe take, allura mai kauri tana tsallake wasu, harafin "s" ya koma "sh" mai yaga kunne. Ga faifan gado da aka sha bugawa a zamanin kaka, ni mai zagaye nake sa wa. Kuma kada a rage nauyi ƙasa da abin da kamfani ya rubuta da sunan tausaya wa faifai. Allurar da ba ta zauna ba tsalle take tana dukan bango, ta fi mai ɗan nauyi ɓarna. Ɗan sikelin masu awon zinariya ya isa a auna.

Abu ɗaya da ke sa sababbin shiga su ce an cuce su: tun 1954 ake yanka faifai da ma'aunin RIAA, ƙungiyar kamfanonin faya-fayai ta Amurka, ana rage muryoyi masu kauri a ƙara sirara, don kwari ya ɗauki waƙa mai tsawo. Dole a sami abin da zai mayar da su daidai. Tsofaffin amfili suna da ramin da aka rubuta wa PHONO. Sababbi da yawa ba su da shi. In ka sa a wani ramin, za ka ji ƴar murya siririya kamar sauro. Wasu sababbin garmaho, kamar AT-LP120X, suna da shi a ciki. Tsohon Technics ba shi da shi, kuma yana da ƴar waya ta uku da ake ɗaurewa a bayan amfili. In aka bar ta tana lilo, gurnanin kuran ne zai raka kowace waƙa.

Hukuncina na faɗa masa a fili. In yana da sola mai inbata ta kirki da ɗaki mai sanyi, kuma zai sami bel a ajiye, siririn zai ba shi sauti mai daɗi, hannunsa ma ya fi. In kuwa gidansa irin na yawancinmu ne, yau wutar gari gobe janareta, to mai juya kai tsaye, da sabuwar allura, da shimfiɗar roba, da murfin da ake rufewa in an gama. Sai dai tsohon da ya yi shekaru a hannun masu kiɗan biki yana iya zama gawa mai kyan fuska, don haka na ce kada ya ba da ko dala sai mun je tare.

Muka je ranar Litinin da faifai ɗaya mai algaita. Ɗige-ɗigen bakin faranti suka tsaya cak a ƙarƙashin ƴar jar fitilar, a 33 da 45 duka, alamar gudun daidai yake. Sandar tsakiya ba wasa. Hannun ya yi iyo da na daidaita shi, amma maɓallin ɗaga shi ya saki, yana faɗuwa da sauri, man cikinsa ya ƙafe. Allurar kuwa a lanƙwashe take, ban ma yarda ta taɓa faifanmu ba sai da na sa kan da na zo da shi a aljihu.

"Alhaji, a cire kuɗin allura da na gyaran hannu," na ce wa mai kayan.

Ya ce shi bai ga abin da ya samu allurar ba. Na miƙa masa gilashin karatuna.